Kano zuwa Jidda awa nawa ne a jirgi, kuma me ya sa kowa da amsar da yake bayarwa?

"Assalamu alaikum Malam. Hajiyarmu ce za ta tafi Umra daga Kano, ni na saya mata tikiti amma lissafin ya ɗaure min kai. Na duba a waya an ce Kano zuwa Jidda kilomita 3,420 ne, tafiyar awa 4 da 'yan mintuna. Shi kuma tikitin ya nuna tashi ƙarfe 10:00 na safe, sauka 5:30 na yamma, awa bakwai da rabi kenan. A dawowa tashi 7:00 na safe, sauka 10:45, ko awa huɗu bai cika ba. Yayana da ya yi aikin Hajji a 2023 kuma ya rantse kusan awa bakwai suka yi a sama ba su sauka ko'ina ba. Don Allah wanne ne gaskiya? Hajiya tana fama da ciwon ƙafa, ina so in san iya zaman da za ta yi, kuma in san lokacin da zan je ɗauko ta."

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah Ya kai Hajiya lafiya Ya dawo da ita lafiya, Ya karɓi ibada. In na fahimce ka, lambobi huɗu ne a hannunka, na waya, na tafiya, na dawowa, da na yayanka, kuma kana ganin dole uku a ciki ƙarya ne. Toh babu wanda ya yi maka ƙarya a cikinsu, kowanne abin da yake ƙirgawa daban. Na yi shekaru a sashen tsara tafiyar jirgi, mu ne masu fitar da takardar da kaftin yake sa wa hannu kafin ya tashi, wadda ta ƙunshi hanya da yawan mai da lokaci, kuma wannan tambayar taka kusan duk lokacin Umrar azumi sai wani ɗan'uwa ya bugo min waya da ita. Bari mu warware su ɗaya bayan ɗaya, amma zan fara da wanda ya fi rikita mutane don shi ne mafi sauƙi.

Agogo biyu a takarda ɗaya

Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu cif. In agogonka a Kano ya buga 10, a Jidda 12 ta yi. Ƙa'idar tikiti kuma a duk duniya ita ce lokacin tashi da agogon garin da aka tashi ake rubuta shi, lokacin sauka kuma da agogon garin da za a sauka. Ba sa rubuta maka wannan da manyan baƙi, sun ɗauka kowa ya sani.

Toh duba tikitin Hajiya. Sauka 5:30 na yamma a Jidda, a Kano 3:30 ne. Daga 10:00 zuwa 3:30 awa biyar da rabi. A dawowa, 7:00 na safe a Jidda a Kano 5:00 na asuba ne, daga 5:00 zuwa 10:45 awa biyar da minti 45. Kaga tafiyar da ka ɗauka ɗaya ta ninka ɗaya, ashe minti 15 ne kawai tsakaninsu, kuma dawowar da ka ga kamar ta fi gajarta ita ce ma ta fi tsawo. In za ka tafi ka cire biyu, in za ka dawo ka ƙara biyu, shi kenan.

Mu a wurin aiki saboda gudun irin wannan rikicin agogo ɗaya muke amfani da shi duk duniya, wanda ya yi daidai da agogon GMT ɗin da kake ji a rediyo, in an ce ƙarfe bakwai agogon GMT wato takwas agogon Najeriya da Nijar. Direban jirgi da 'yan hasumiya da mu masu takarda duk da shi muke magana, sai an zo buga tikiti ne ake mayar wa fasinja da agogon gari.

Kuma don Allah kada ka sake lissafa 10:45 ɗin nan, ya riga ya zama agogon Kano. Na faɗi haka ne don ya taɓa faruwa a gidanmu, gwaggona za ta dawo, wani ƙanina da yake ganin ya iya boko ya ce ai lokacin tikiti na Saudiyya ne, ya cire awa biyu, aka cika mota da mata da yara tun da sanyin safiya da kulolin waina, muka je muka zauna a ƙarƙashin bishiya har miya ta yi sanyi, yara suka fara kuka, ita kuma a lokacin tana can sama kan Chadi ba ta san ma ana yi ba. Har yau in an taru ana yi masa tsiya da shi.

Ita kilomita 3,420 ɗin daga ina ta fito

Wannan lambar gaskiya ce. Tazara ce tsakanin filin jirgin Malam Aminu Kano da filin jirgin Sarki Abdul'aziz na Jidda in an miƙe sak babu karkata. Yadda ake samun ta, ka ɗauki ƙwallon taswirar duniya irin na makaranta, ka ɗora zare a kan Kano ka ja shi ya yi tsam zuwa Jidda, inda zaren ya kwanta nan ne hanya mafi kusa. A taswirar takarda da aka shimfiɗe wannan layin yakan fito a ɗan lanƙwashe, a doguwar tafiya ma lanƙwasar ta yi yawa, shi ya sa jirgin Dubai zuwa yammacin Amurka yake bi ta can ƙurewar arewacin duniya wajen ƙanƙara, mai kallo ya ɗauka ɓata hanya ya yi alhali shi ne yanke.

Abin da yake burge ni a zaren Kano zuwa Jidda shi ne kusan alƙiblarka ce. In ka tsaya sallah a Kano daidai, ba gabas tsantsa kake kallo ba, ka ɗan karkata arewa, wajen digiri 68 daga arewa in an auna, toh nan zaren ya nufa don Jidda da Makka maƙwabta ne. Zai ratsa Jigawa da arewacin Yobe, ya shafi ƙasar Nijar ta wajen Diffa, ya wuce ta arewacin Tafkin Chadi, ya keta hamadar Chadi, ya shiga arewacin Sudan ya tsallake kogin Nilu wajen Dongola, sannan Bahar Maliya, sai Jidda. Ka riƙe sunan Sudan ɗin nan, za mu dawo kansa.

Wani abin da ke ƙara rikita mutane, za ka ga wani wuri an rubuta mil 2,125, wani wuri mil 1,850, ka ce ai sun saɓa. Tazara ɗaya ce, ma'auni ne daban. Mil na mota kilomita 1.609 ne, mil ɗin da jiragen sama da na ruwa suke aiki da shi kuma kilomita 1.852 ne. Kamar a ce maka buhu ɗaya, wani ya auna da tiya wani da mudu.

Kuma tazarar ta danganta da inda aka tashi, wannan a fili yake amma mutane suna mantawa in ana musu a majalisa. Daga Maiduguri kusan kilomita 3,000 ne, daga Sakkwato wajen 3,700, daga Yamai wajen 4,000, daga Legas wajen 4,200. In Madina za a sauka daga Kano, wajen 3,560, abin da ya ƙaru bai wuce tafiyar minti goma ba. Alhajin Borno da na Legas in suna gardamar awa nawa ne zuwa Saudiyya, kowa gaskiyarsa yake faɗa, fiye da awa ɗaya ce tsakaninsu.

Daga kilomita zuwa awa

Jirgin fasinja in ya kai can sama ya daidaita, wajen ƙafa 35,000 ko sama da haka, yana gudun kilomita 830 zuwa 900 a awa. Ka raba 3,420 da 850, awa huɗu kenan. Abin da wayarka ta yi kenan, ta raba ta ɗan ƙara wasu mintuna ta miƙo maka. Ita ba ta san iskar ranar ba, ba ta san ko an rufe hanya ba, ba ta san wane jirgi ba ne, lissafin ɗan aji uku ne na firamare, daidai ne amma a takarda.

Shi lokacin da ke kan tikiti daga cire waigi ne zuwa sa waigi. Eh, jirgi ma ana sa masa waigi a taya in ya tsaya, kamar tirela a gangare. Daga sanda aka zare shi aka tura jirgin baya agogo ya fara, sai tafiyar hawainiya zuwa titin tashi, sai jiran izini daga hasumiya, sai hawa sama wanda yake cin minti 20 zuwa 30 kuma a lokacin gudun bai kai ba, sai saukowa wadda ake farawa tun saura kusan rabin awa ana rage gudu, in an tarar da layi a sama a ce ka yi shawagi, sannan bayan taya ta taɓa ƙasa a sake tafiyar hawainiya zuwa wurin tsayawa. Filin Jidda kuwa ƙato ne, gari guda, daga inda jirgi ya sauka zuwa inda zai tsaya kaɗai sai ka ci minti goma zuwa sha biyar, lokacin aikin Hajji da jirage ke sauka kamar fari abin ya fi haka. Bayan duk wannan kamfanoni suna ɗan ƙara wasu mintuna a jadawali don kada kullum a ce sun makara. In ka ji kaftin yana murna wai mun iso kafin lokaci, sau da yawa wannan rarar ce ya ci.

Ga lissafin da nake ba 'yan'uwa su riƙe a ka: raba kilomita da 850, ka ƙara rabin awa. Kano zuwa Abuja wajen kilomita 365 ne a sama, zai ba ka kusan awa ɗaya, kuma haka tikiti yake nunawa duk da fiye da rabin awar nan a hawa da sauka da gangarawa ta tafi. Kano zuwa Legas wajen 835, awa ɗaya da rabi. Kano zuwa Jidda awa huɗu da rabi. Wannan shi ne lokacin da aka saba da shi shekara da shekaru kafin hanya ta lalace, duk wanda ya je Umra kai tsaye daga Kano kafin 2023 zai ce maka awa huɗu da wani abu.

Irin jirgin ma yana da nasa, amma ba kamar yadda ake zuzutawa ba. Boeing 747 mai bene ɗin nan da aka daɗe ana jigilar alhazai da shi ya fi ƙananan irin su Boeing 737 da Airbus A320 gudu, A330 yana tsakiya, amma a wannan tazarar bambancin bai wuce minti 20 ba. Ban taɓa ba wani shawarar ya zaɓi tikiti saboda wannan ba.

Iska

Nan ne aikinmu yake da daɗi. Da yawa suna cewa ai duniya ce ke juyawa a ƙarƙashin jirgi shi ya sa zuwa da dawowa ba sa zama ɗaya. In da haka ne da abin ya yi sauƙi, don a daidai Kano ƙasa tana juyawa gabas da gudun sama da kilomita 1,600 a awa, kusan ninki biyu na gudun jirgi, da mai zuwa Jidda ba zai taɓa isa ba har abada. Iskar da jirgin yake ciki tare take juyawa da ƙasar, kamar ƙuda ne a cikin motar haya, yana tashi daga kujerar baya zuwa ta gaba ba ruwansa da gudun motar.

Abin da yake kawo bambancin shi ne a can saman akwai iska mai gudu kamar kogi, jirgi kuma kamar kwalekwale yake, in ya bi ruwa ya yi sauri in ya sa gaba da ruwa ya sha wuya. A lokacin hunturu, saman Sahara da Bahar Maliya iskar daga yamma take tahowa ta nufi gabas da ƙarfi, tana tura mai zuwa Saudiyya tana danne mai dawowa. Da damina kuma, daga wajen Yuni zuwa Satumba, a yankinmu abin yakan juya, iskar sama ta taso daga gabas ta wajen tekun Indiya ta nufo yamma, sai ka ga dawowa ta fi zuwa sauri. Shi ya sa maganar da ake yi cewa kullum zuwa gabas ya fi sauri gaskiya ce a hanyar Amurka zuwa Turai, amma a tamu hanyar sai an tambayi wane wata ne.

Misali kawai don ka ga girman abin, jirgi mai gudun 870, iska mai gudun 70. In tana bayansa 940 yake yi a ƙasa, in tana gabansa 800. A kilomita 3,420 na farko awa 3 da minti 38, na biyu awa 4 da minti 16, kusan minti 40 tsakaninsu a hanya ɗaya da jirgi ɗaya. Minti 15 ɗin da ya ƙaru a dawowar Hajiya mafi yawa daga nan yake.

Ina tuna daren aiki, ƙarfe biyu, shayi ya huce a kofi, allon kwamfuta cike da 'yan kibiyoyin iska, na fitar da takarda ta nuna awa 4 da minti 12, kwana uku kafin nan jirgin nan dai da hanyar nan dai ta nuna 4 da 31. Kaftin ya shigo yana hamma, bai ma kalli lokacin ba, yatsansa kai tsaye kan layin mai ya tafi, ya ce a ƙara masa tan ɗaya don ya ga hadari yana haɗuwa a gabas da Njamena kuma ba zai ratsa ta ciki ba. Haka ne kuwa, hadarin damina mai tsawon nan da kake gani kamar dutse ba a shiga cikinsa, kewaye shi ake yi, wani lokaci kilomita 50 wani lokaci 100, duk mintuna ne suke ƙaruwa waɗanda babu wayar da za ta faɗa maka tun ana saura wata guda.

Awa bakwai ɗin yayanka

Gaskiya ya faɗa, kada ka ƙaryata shi. Sama ba fili ba ne da kowa zai bi inda ya ga dama, akwai tituna a cikinta da aka shata daga wannan alama zuwa waccan, kowace ƙasa da sararinta, sai da izini ake ratsawa kuma biya ake yi. Hanyar da aka saba daga Kano takan bi ta Chadi ta ratsa Sudan daga yamma zuwa gabas ta fita Bahar Maliya. Kusan hanyar da kakanninmu suka bi da ƙafa da jakuna ce, ta Borno da Wadai da Darfur har bakin teku a Sawakin, ana shekaru a hanya ana noma ana ci gaba, wasu ma ba su ƙarasa ba ko ba su dawo ba, su ne asalin dangin Hausawa da yawa da ke Sudan yau. Ko jiragen farko da suka sauka a Kano a 1925, na sojan Ingila, daga Masar suka taso suka biyo ta Sudan da Chadi, kwanaki suka yi a hanya.

Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartoum tsakanin sojan Sudan da dakarun kar-ta-kwana da ake kira RSF, ana cikin azumi, saura 'yan makonni a fara jigilar alhazai. Aka rufe sararin samaniyar Sudan. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, a lokacin har saman Sudan ta Kudu daga Khartoum ake kula da shi, saboda haka katangar da ta tashi a gaban jiragenmu ta fi Sudan ɗin da kake gani a taswira faɗi. Ta arewa kuma Libiya ce, wadda kamfanoni da yawa suke kauce wa tun tuni. Sai ya zama jirgin da ya kamata ya nufi alƙibla ya juya kudu, ta Kamaru da Afirka ta Tsakiya, ya zagaya ta gabashin Afirka ya ɓullo ta Habasha, sannan ya haura Bahar Maliya zuwa Jidda ko Madina. Tafiyar 3,420 ta koma sama da 5,000. Sa shi a lissafinmu, 5,100 a raba da 850 awa shida, da rabin awa shida da rabi, in zagayen ya ƙara faɗi ka ga bakwai ɗin yayanka ta fito.

Kuma awa a sama kuɗi ne tsababa. Babban jirgi irin A330 yana shan mai wajen tan 6 a awa, 747 wajen tan 10. Shi ya sa a shekarar kamfanonin jigila suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowace kujera, aka yi ta kai ruwa rana da hukumar alhazai ta ƙasa. Ƙarin mai kuma ƙarin nauyi ne, jirgi yana da iyakar nauyin da zai iya tashi da shi musamman a zafin Kano na bazara da iska take yin sakayau, in mai ya ƙaru dole wani abu ya ragu, sau da yawa kaya ne. Wasu daga cikin labaran uwar jaka da ta biyo baya bayan mako guda nan ne asalinsu, ba duka ba dai.

A shekarar dai, bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, an rufe sararin Nijar daga 6 ga Agusta har farkon Satumba, jiragen Turai masu zuwa Najeriya su ma suka sha zagaye. Kilomitar da ke waya ko ɗaya ba ta canza ba duk wannan lokacin.

Toh awa biyar da rabi ɗin tikitin Hajiya, a karatuna, awa huɗu da rabi ce ta asali da ƙarin kusan awa ɗaya na kauce wa wani yanki da rarar da kamfani ya ajiye. Kowane kamfani da hanyar da ya samu izini da wadda masu inshorarsa suka yarda da ita, kuma abin yana canzawa da yadda tsaro yake, shi ya sa jirage biyu za su tashi Kano rana ɗaya su nufi Jidda wani ya riga wani da kusan awa.

Abin da za ka yi a aikace

Fara da duba tikitin ko jirgi ɗaya ne kai tsaye. Da lokutan da ka kawo, kai tsaye ne, don mai ya da zango ba zai isa cikin awa biyar da rabi ba. Na faɗa ne saboda masu jirgin yawo da yawa tikitin da ya fi araha suke yanka, ta Alkahira ko Addis Ababa ko Doha. Ta Alkahira jimillar tazarar wajen kilomita 4,300 ce, ta Addis wajen 4,700, ban da zaman jira a tsakiya wanda zai iya zama awa biyu zai iya zama kwana. Ga matashi mai ƙarfi ba komai, ga dattijuwa mai ciwon ƙafa da za ta sauka ta bi dogon layi a ƙasar da ba ta jin yarensu, ni dai ko da ƙarin kuɗi kai tsayen nan da ka saya shi ne daidai.

Sai lambar jirgin, haruffa biyu da 'yan lambobi a jikin tikiti. Sa ta a manhajar Flightradar24 ko FlightAware, za ka ga tafiye-tafiyen da jirgin ya yi a 'yan kwanakin baya, awa nawa ya yi kowace rana da layin da ya bi a taswira. Wannan ya fi duk lissafina, don ni daga nan ba zan iya ce maka ga mintin da zai sauka ranar ba, iskar ranar da hazon ranar ne za su yanke, in hunturu ne ma ƙura tana iya hana tashi ko sauka a Kano na wasu awanni. Ranar dawowa ka duba ka ga jirgin ya bar Jidda tukuna kafin ka tada mota, manhajar da kanta za ta nuna maka lokacin isowa da agogon Kano. In ya sauka 10:45 kada ka sa ran ganin fuskarta kafin 11:30 ko 12, akwai shige da fice, akwai jiran jaka da ruwan Zamzam.

Zancen zama kuma, ka lissafa mata awa shida da rabi a kujera, don tun kafin a cire waigi da minti 30 zuwa 45 an riga an shigar da su. Ka nema mata kujerar bakin hanya tun yanzu, ba ta taga ba, don ta iya miƙewa ta taka zuwa bayan jirgi ta dawo duk bayan awa ɗaya ko biyu ba sai ta tashi mutum biyu ba, dattawanmu da kunya sai su gwammace su daure har a sauka. Ta riƙa shan ruwa, da yawansu ƙin sha suke yi don gudun shiga bayin jirgi, wannan kuwa shi ke ƙara kumburin ƙafa. Ka kira kamfanin ko wakilin da ya yanka tikitin a rubuta mata keken guragu aƙalla kwana biyu kafin tafiya, kyauta ne, kuma a Jidda zai yi mata rana sosai don tafiyar cikin filin tana da tsawo. Maganin ƙafar da ko tana buƙatar safar matse ƙafa, wannan likitanta za ka tambaya, ba fagena ba ne.

Abu na ƙarshe, tunda gabas za ta yi ranar za ta gajarce mata da awa biyu, don tsakanin Kano da Jidda digiri 30 ne da ɗoriya kuma kowane digiri 15 awa ɗaya ne na rana. Ta tashi da hantsi, kafin ta fito daga filin Jidda magariba ta kawo jiki, azahar da la'asar duk a hanya za su same ta, ta tambayi malaminta yadda za ta yi da su da kuma inda za ta ɗaura niyya tun tana gida. A jiragen Jidda akan yi sanarwa kafin a zo daidai miƙati, amma wani lokaci da Larabci da Turanci kawai, ka haɗa ta da wani a cikin ayarin da zai taɓa ta ya gaya mata. Kuma ka saita mata wayarta ta riƙa canza agogo da kanta, in kuma agogon hannu take ɗaurawa, ka gaya mata da zarar an sauka ta tura shi gaba da awa biyu.